Shatin Ƙafa a Kan Allon Ruwa

Ko zan manta komai na zamana a Riyad, ba zan manta ranar da na durƙusa ina zana ƙafar abokin ɗakina ba.

Mutumin Yawuri ne, ɗan masunta, ya girme ni sosai. Tare muke aiki a wani kamfanin tankunan ruwa a Birnin Masana'antu na Biyu. Kullum ƙorafinsa ɗaya, wai an kawo shi garin da ko kwaɗo ba ya kuka. Da wani Baturen injiniya zai koma gida, sai ya bar masa fasasshen allon hawa teku, irin mai dogon ƙarfe da fiffike a ƙasa, wanda ke ɗaga mutum sama da ruwa. Abokin nawa ya liƙe shi tsaf da kayan liƙin tanki. Na sha yi masa tsiya, ina cewa sai dai ya hau yashi da shi. Shi kuwa ya riga ya ƙudura, hutun Sallah sai tekun Dammam.

Wata Juma'a ya kwance ƙarfen, ya ɗora allon a kan katifa, ya miƙo min baƙin salatif in shata masa inda ƙafafunsa za su tsaya. Ya ce, “Ƙanina, ƙafar baya daidai inda ƙarfen yake zama, ta gaba kuma nan. In ta goce, kifewa zan yi.” Ya hau ya buɗe hannuwa yana murmushi. Na kewaye ƙafar baya da salatif, na koma ta gaba. A nan na ga ɗan yatsansa ya yi baƙi ƙirin, ga wani wari.

“Yaya, mene ne wannan?”

“Takalmin aiki ne. Manna abinka.”

Na danna wurin da ƙarfi, ko gezau bai yi ba. Na tuna da haka ciwon suga ya fara cin ƙafar mahaifina. Abokin nawa ya roƙe ni in bar zancen asibiti sai bayan Sallah, sau ɗaya kawai yake so ya hau. Ni kuwa akwai kafiya. Na tsaya masa a kai har sai da ya shiga mota muka tafi asibiti.

Ciwon ya riga ya yi nisa. Ƙasa da gwiwa aka yanke. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da ransa za a rasa. Na san haka, amma raina bai yi fari ba. Ba a sabunta masa iƙama, wato izinin zama a ƙasar, ba. Ranar da na raka shi filin jirgi bai zage ni ba, bai kuma gode min ba. Cewa kawai ya yi, “Da ka bari na taɓa ruwan.”

Allon ya daɗe jingine a ɗakina da shatin ƙafa biyu, na kasa ɓare ko ɗaya. Tun daga nan na gane mutum kan yi abin da ya dace, ya kuma yi ta jin ciwonsa har tsufa.