Baba Bai-Gasu-Ba

Surukina, uban mijina, a wurin aiki Bai-Gasu-Ba suke ce masa. Ni dai Baba nake cewa, amma wallahi sunan ya dace da shi: ko burodi ka miƙa masa sai ya latsa tukun.

Tun ina amarya yake bakin wata doguwar tanda mai juyawa, yana gasa gawayin fetur, wato baƙar dusar da ke saura in an tace mai. Ɗanyensa jiƙe yake, ga maiƙo. Sai wuta ta kore ruwan da maiƙon sannan yake yin tauri, har ya iya ɗaukar lantarki. Da shi ake yin manyan tubalan da ake tsomawa a tukwanen narka alminiyam, kuma a bakin tukwanen nan mijina yake tsayawa. In gashin bai kai ba, tubali kan tsage, gutsurensa ya faɗa cikin narkakken ƙarfe, ya fantsamo wa na kusa.

Wata rana wutar tanda ta yi sanyi, kaya suka fito rabi da rabi. Shugaban sashe ya ce a cakuɗa da mai kyau a tura, wa zai sani? Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗana ne zai sani." Ya ƙi buɗe ƙofar rumbu, dole aka mayar da kayan cikin wuta. Kafin mako ya zagayo aka ɗauke shi daga tanda, aka ba shi tsintsiya, sharar fili.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Dattijo da furfurarsa a ba shi tsintsiya, don Allah fa! Na ce wa mijina ya je ya yi magana, ya ce Baba ya hana. Har yau shara yake yi, yana dawowa da baƙar ƙura a gira.

Ina son in gode masa, amma ina ni ina zance mai tsawo da suruki? Sai dai kullum da yamma in kai masa ruwan wanka, in durƙusa in gaishe shi. Shi ma ba ya kiran sunan mijina, don shi ne ɗansa na fari. Yakan kau da kai ya ce, "Wancan ya dawo?"

"Ya dawo, Baba."

"Lafiya lau?"

"Lafiya lau."

Sai a lokacin yake cire takalmin aiki.