Yadda Ige Ta Ceci Geron Dangoma

A Gwandu na tashi, zamanin da Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasarmu ba. Gidanmu na manoma ne, kuma wadda ta riƙe mu yara ita ce kakarmu ta wajen uba, Inna Kulu. 'Yar Kalgo ce, aure ya kawo ta. Da damina, in an idar da sallar isha'i, takan hura wuta a bakin ɗakinta, ta ɗora ɗanyen ganye a kai don hayaƙi ya kori sauro. Mu kuwa sai mu kewaye ta, ido na hawaye, ana tari, amma ba mai tashi.

Wata rana sauro ya dame ni ina ta marin ƙafa. Ta dube ni ta yi dariya.

"Angona, da mari za ka gama da su? To, matso. Ga wata nan tahe, wa ka tarbar ta?"

Muka haɗa baki: "Mu ne, Inna!"

Ta ce a Dangoma, can wajen Kalgo, an yi wata mata mai ginin tukwane, sunanta Ige. Mijinta Manu manomi ne, ba su da babbar gona sai geron da suke shukawa a bayan gida, kamar yawancin mutanen unguwarsu. Wata shekara ruwa ya yi yawa, sauro ya cika gari, sai ga wani zazzaɓi mai sa mutum ya ji kamar ana karya masa ƙashi. Ya kwantar da manya, ya ɗauke yara. Manu ma ya kwanta, ko juyawa ba ya iya yi sai an taimaka masa.

Mutane sun lura ciwon da sauron tare suka zo. Kuma kowa ya yarda cewa a cikin duhun gero sauro ke haihuwa. Don haka dattawa suka zauna da mai gari, aka yanke shawara a sare duk geron da ke kusa da gidaje. A lokacin geron ya fara fitar da kai.

"Ku duba hwa," in ji Inna Kulu, "miji na kwance, rumbu ba komi, ga abincin shekara an ce a sare. Mi za ta ba ɗiyanta?"

To, kwanaki kafin wannan, Ige ta ɗebo ruwan sama da ya taru a wata tsohuwar tukunya a bayan ɗaki, ta zuba a tulu don jiƙa yumɓu. Ta ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki, ba ta damu ba. Ta ɗaure bakin tulun da tsumma, jinya ta sa ta manta da shi. Ranar da ta ji maganar sarar gero, ta rasa abin da ke mata daɗi, ta ce bari ta taɓa aiki ko zuciyarta ta yi sanyi. Tana kwance tsumman, sai sauro ya yi buu ya tashi a fuskarta.

Ta tsaya riƙe da tsumman. Tulun a rufe yake, ta ina suka shiga? Ta leƙa, tsutsotsin nan babu su, sai 'yan ɓawo suna yawo a kan ruwa.

Ba ta tsaya neman mayafi mai kyau ba, ta nufi wurin uwar mai gari, wata tsohuwa da ke sayen tukwanenta. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki roƙa mana a dakata da sara. Gero bai yi laifi ba. A gidajenmu muke renon sauron." Ta kwashe labarin tulun ta faɗa mata.

Tsohuwar ta sa aka ɗebo irin ruwan nan a wani sabon tulu, ta ɗaure bakinsa da hannunta, ta ajiye a ƙarƙashin gadonta. Mai gari ya yarda a jira zuwa Jumma'a. Ige ba ta iya cin abinci sosai a kwanakin nan, don in tulun bai nuna komai ba, ita ce ta jawo wa gari ƙarin gawa a idon mutane.

Bayan an sauko daga masallaci aka fito da tulun gaban dattawa. Mai gari da kansa ya kwance. Nan Inna Kulu takan watsa yatsunta sama, ta yi kukan sauro da hanci, mu kuma mu fashe da ihu.

Mai gari ya ce, "A mai da laujuna ɗaki. A ɗauko fartanya."

Gari ya tashi. Mata suka kife tukwanen da ba a amfani da su, suka zubar da ruwan sakaina da na tsohon turmi, suka goge randuna suka rufe da faifai. Ige ta farfasa tulin tukwanenta da suka tsage, aka cike ramuka da su. Maza masu sauran ƙarfi suka fasa wa ruwan kwance hanya ya gangara fadama. Sauro bai ƙare ƙaf ba, mai zama kusa da fadama ba ya rabuwa da shi. Amma ya ragu har mutane suka samu barci, masu kwanciya suka yi ta raguwa. Manu ya miƙe, da hannunsa ya yanke geronsa. Shekarar nan, in ji Inna, ba gidan da bai aika wa Ige da dami ba, har sai da aka gina mata sabon rumbu.

"Nan ta tsaya," ta ce. "Wanda bai kihe ƙwaryarsa ba gobe, ba ni ba shi hura."

Ina yaro, abin da ya burge ni shi ne tashin sauron daga tulu. Sai da na tsufa a birni, a gidan ɗana, na gane sauran. Wata damina jikata Hadiza ta kwanta da zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi, likita ya kira shi dengi, ya ce sauronsa a ruwan da ke kwance cikin gida yake haihuwa. Maƙwabta suna ta zagin kwatar bakin titi da hukuma. Ni kuwa na ɗauki sandata na zaga bayan gidanmu. Na sami tsofaffin tayoyi, da gwangwanaye, da durom ba murfi, kowanne da tsutsotsinsa.

Na fahimci cewa tsoro yakan sa mutum ya ɗora laifi a kan abin da ya fi girma a idonsa, alhali maganin yana wurin da hannunsa ke kaiwa. Na bi gida gida ina sallama, matasan layin suka biyo ni da baro da shebur. Hadiza ta warke. Ranar da ta fara fita makaranta, ta dawo ta same ni a zaure ta ce, "Kaka, na faɗa wa malaminmu, ya ce gobe ka zo ka duba mana bayan ajinmu ko akwai ruwan kwance."