Atishawar Mai Harawa

Maigidana harawa yake sayarwa a Kasuwar Shanu, kuma tun da na aure shi da atishawa na san shi. Hanci na zuba, ido jajir, yana ta murza su. Ni ce ma kan gaba wajen tsokanarsa, nakan ce murarsa ta girmi ɗanmu na fari. Citta da kanumfari kuwa na dafa har na gaji.

A shekarun da gari ya rikice aka hana babur, sai ya koma takawa da ƙafa daga unguwarmu Dogo Tebo. A lokacin ne abin ya sauka ƙirji. Wata rana ya shigo ya jingina da bango, numfashinsa na ƙara kamar usur, ko sannu da zuwa ya kasa amsa mini. Ranar na ji tsoron da ƙarar bindiga ba ta taɓa sa ni ba.

Washegari muka tafi asibiti. Likitar wata 'yar Kudu ce, cikin waɗanda suka ƙi barin gari. Ta leƙa hancinsa, ta sa ya hura iska cikin wani ɗan bututu, ta tambayi sana'arsa. Ta ce ba mura ba ce, jikinsa ne ba ya shiri da ƙurar harawa. Hanci da huhu hanyarsu ɗaya, abin da aka ƙyale a sama shi ya gangara ya zama asma. Ta ba shi maganin fesawa a hanci da na shaƙa, ta ce ya riƙa rufe hanci a wurin aiki.

Rufe hancin kwana ɗaya ya yi. A wancan lokacin in mutum ya rufe fuska a kasuwa kowa sai ya ja da baya, har wani Bafulatani tsohon abokin cinikinsa ya juya bai tsaya ba. Dole ƙaninsa ya karɓi ɗauri da dako, shi ya koma gefe yana ciniki. Ni kuma na riƙe fesawar safe, wata rana da lallashi, wata rana da faɗa.

Cikin 'yan makonni atishawa ta ɗauke. Wata yamma saura kaɗan dokar hana fita ta fara, ina tsakar gida ina ta jiran dawowarsa, sai kawai na gan shi tsaye a kaina. Na hau shi da faɗa har da kuka. Sai a lokacin na gane ashe tun da gari ya rikice atishawarsa nake jiyowa daga bakin layi in san ya dawo da rai.

Na faɗa masa hakan, ya saurare ni har na gama.

"To, ki yi haƙuri," in ji shi. "Gobe zan yi miki."

Washegari kuwa na jiyo atishawa daga bakin layi, ta ƙarya, ko kama da ta gaske ba ta yi ba. Na ce masa yarhamukallahu daga inda nake, na tashi na ɗora masa ruwan wanka.