Sunan da Kaka Ta Saka Mini

Duk sanda na bi ta rumfar masu ƙaro a kasuwar Nguru na ji ƙarar zuba shi a faifai, sai in tuna rigimar da aka yi a gidanmu a kan sunana. Oto ake ce mini. E, ka ji daidai, kuma ba kai ka fara ɗaga gira ba.

Sunan yankana na kakana ne, mahaifin babanmu, wanda ya rasu Inna na da cikina. Ka san halin gidajenmu: Inna ba za ta kama sunan surukinta ba, Kaka kuwa ko a mafarki ba ta faɗin na mijinta. Dole a nemo laƙabi. Kafin kowa ya buɗe baki Kaka ta ce Oto, ta ci gaba da dakanta.

Oton asali wani Bajamushe ne mai sayen ƙaro, kakana na yi masa tafinta tun yana saurayi. Wata bazara motarsu ta kafe a rairayin Yusufari, zazzaɓi ya kwantar da kakana. Direba ya ce a bar shi a inuwa a je neman taimako. Bajamushen ya ƙi. Goya shi ya yi, yana tafiya yana faɗuwa, har rugar Fulani.

Ina firamare Baffa, wan babanmu, ya dawo daga Kano da zafinsa. Ya tara mutan gida a tsakar gida, ya ce ba za a ci gaba da kiran ɗan Musulmi da sunan wanda ba ya salla ba. Babanmu ya sunkuyar da kai. Ni kuwa tsoro ya cika ni, don ban san kaina da wani suna ba.

Kaka ba ta ɗaga murya ba.

"Ranar da aka goyo ubanku kana ina?" ta tambaye shi. "Da an bar shi a rairayin nan, da wa zai haife ka ka zo kana yi mini wa'azi?"

Baffa ya ce, "Ai addini ne."

"Butulci ma addini ne?"

Washegari ta ɗaure kayanta, ta ja hannuna muka hau mota sai Gashua, gidan ƙanwarta. Damina guda muka yi can, muna cin busasshen kifi, sauro na cinmu. Ta aika cewa ba ta dawowa sai wanda ya kore mu ya zo da ƙafarsa. Da lokacin girbi ya yi Baffa ya zo, fuska a murtuke. Bai ba da haƙuri ba, amma bai sake tada maganar ba.

Sai da na girma na bincika. Tsohon suna ne a ƙasarsu, tun zamanin kakannin kakanninsu, ma'anarsa arziki, ko abin da aka gada. Na gaya wa Kaka, lokacin idonta ya tafi. Ta ce wannan ruwansu, ita dai abin da ta sani mijinta ya dawo gida.

Yanzu a waya ake zaɓar wa yara suna, mai daɗin faɗi, ba wanda ya san dalilinsa. Ni har yau akan ja ni gefe a ce ya kamata in sauya. Ba zan sauya ba. A duniyar nan ba wanda ya rage yana yi wa mutumin nan godiya sai ni, duk sanda aka kira na amsa.