Ranar Da Mai Injin Girbi Ya Ƙi Shiga Gonata

Ko na tsufa tukuf ba zan manta ranar da wani direban injin girbi ya ƙi yi mini aiki ba. Na yi ta sababi a lokacin, amma har yau ina sa shi a addu'a.

Fadama guda mahaifinmu ya bar mana a Kafin Dafga, kuma da ita muke ci: shinkafa da damina, albasa da rani. A shekarar ruwa bai ɗauke da wuri ba, shinkafa ta nuna amma ƙasa jagab take. Injina biyu suka shigo yankinmu, ƙato mai taya da ƙarami mai tafiya a kan bel, irin ƙafar katafila. Ni da wayona na ce Allah ya kiyaye mai bel ya taka mini gona. Ai mun ga katafila wajen aikin titi, to a tunanina abin da ya daddaɓe hanya shi zai daddaɓe gona. Na kira mai taya.

Direban wani dattijo ne daga wajen Gwangwan. Ya sauko, ya danna dunduniya a bakin gonar, ya girgiza kai ya ce ba zai shiga ba. Dama ni ba haƙuri gare ni ba, na ce raina ni ya yi don gonata ƙarama ce. Sai ya zaro rodi, ya ja ni gefen fadama inda injinan biyu suka bi. Ya caka a sawun tayarsa, rodin ya tsaya cak. Ya caka a sawun bel, ya nutse sumul.

"Malam," ya ce, "nauyina a wuri huɗu yake sauka, na mai bel kuwa a shimfiɗe yake. In na shiga yau, saiwar albasarka ba za ta ratsa ƙasar nan ba."

Wallahi kunya ta lulluɓe ni. Shi da kansa ya buga wa mai bel waya, ya bar masa aikin, ya juya ya tafi.

Da rani ya yi, maƙwabcina da ya sa wani mai taya ya ga abin da na tsallake: ruwa ya kwanta layi-layi a sawun, albasa ta yi ruwan ɗorawa ta ƙanƙance. Tawa kuwa sai hamdala.

Tun ranar na daina yi wa ƙasa hukunci da ido, sai na caka na ji. Wanda kuma ya ce mini a'a alhali e ce za ta amfane shi, nakan rufe bakina in saurara.