Hasken da ya auna mini da kwalli

Maigidana mai aikin kuran ne, wato lantarki, a kamfanin ma'adinai, nan Arlit. Bai taɓa shiga rami ba. Nasa aikin fitilu ne, na gidajen ma'aikata da na babban zauren da ake taro da bukukuwa. A zauren nan ya koyi haɗa fitilu masu launi, waɗanda ake ƙara musu haske a rage yadda aka so.

Bayan ya yi ritaya idona ya lalace. Farin ƙwan da ke ɗakinmu ya zame mini kamar barkono, ana kunna shi sai hawaye. Na fara rufe fuska da gyale ina cin tuwo.

"Tsohuwa, amarci kika koma?" in ji shi.

Na ce, "Wutarka ce ke cizona. Ka haska garin Arlit duka, matarka kuma ta gagare ka."

Bayan ƴan kwanaki sai ga shi da dogayen ƙwayaye, ja da tsanwa da shuɗi, da wasu ƴan akwatunan ƙarfe da ya ce sunansu balas, cikin tsofaffin kayan da aka sauke daga zauren. Da hantsi ya kashe kuran na gidan, ya hau tebur, ni ina ƙasa ina miƙa masa waya. Kowane ƙwai da nasa balas. Kowane balas akwai wayoyi masu kauri da ke shiga cikinsa, akwai kuma sirara guda biyu.

Ya ce, "Masu kaurin abinci suke kai masa. Siraran magana suke kai masa, su ce ƙara ko rage. In aka haɗa sirara da mai kauri, ya mutu ke nan."

Na ce, "To kamar kai ne, ga ci ga son a yi maka magana a hankali."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin nan tun lokacin yana nan, muna ce masa na ƙura.

Siraran wayoyin ya bi da su jikin bango zuwa bakin gado, ya ɗaura su ga abin murɗawa guda uku. Ya zaunar da ni, ya rufe taga, yana murɗawa yana tambaya. "Nan fa? Nan fa?" Ɗakin ya yi ja kamar mahauta, ya koma shuɗi kamar marina, ina ta yi masa tsiya. Can ya ƙara ja, ya saka tsanwa, ya rage shuɗin har ya kusa mutuwa. Sai na ga bangon ya koma kamar ɗakin uwata a ƙauyenmu na wajen Tawa, in rana ta yi sanyi ta shigo ta ƙofar zana. Idona ya buɗe duka, babu zafi. Na ga fuskarsa sosai, abin da na daɗe ban yi ba.

Na ce, "Tsaya nan."

Tunda ban san lamba ba, sai ya ɗauko tandun kwallina, ya ɗiga baƙi a bango daidai inda bakin kowane abin murɗawa ya tsaya. Ya ce in wani ya taɓa, in mayar da su kan ɗigon.

A ƙarƙashin hasken nan na yi jinyarsa, a nan kuma ya cika, Allah ya jiƙansa.

Ranar da aka kai shi, matan unguwa suka yi abin da ake yi. Suka zaunar da ni a tsakar gida, suka shiga ɗakin da aka yi rasuwa suka share, suka wanke shimfiɗa, suka goge bango da tsumma da sabulu. Alheri suka yi mini, ni ma na yi wa wasu haka. Da la'asar maƙwabciyata ta kama hannuna ta kai ni ciki.

"Inna, kin ga mun gyara miki. Har dattin da ke bango duk mun fitar."

Ta kunna. Ɗakin ya yi wani fari mai shuɗi-shuɗi kamar ɗakin likita. Tsumman ya juya abubuwan murɗawa, ya tafi da ɗigon kwallin. Kukan da ban yi ba da aka fita da gawa, a nan ya ƙwace mini. Suna ta cewa in yi haƙuri, in bi shi da addu'a, na kasa gaya musu abin da aka goge.

Duk tsawon takabata murɗawa nake yi. In na samu jan, tsanwa ta yi yawa. In na rage ta, ɗakin ya zama jini. Da na fita takaba abokin aikinsa ya zo gaisuwa, na nuna masa. Ya hau tebur ya duba.

Ya ce, "Matarmu, aikin nan babu abin da ya same shi. Hannunsa ne, ko waya ɗaya ba ta motsa ba. Faɗa mini launin in murɗa miki."

Na ce, "Irin na ɗakin uwata."

Ya sauko ya zauna bakin gado yana murɗawa yana cewa, "Nan fa?" Da na ji kalmar a bakin wani, na ce masa ya bari haka nan.

Ya gaya mini irin wannan balas ba ya samuwa a kasuwa yanzu, in ɗaya ya mutu sai dai a sauke duka a sa ƙwan zamani. Ɗana ma haka yake so tun yanzu, wai in huta. Na hana.

Idona ya ƙara dushewa, ko na faɗa kan hasken ban tabbata zan gane shi ba. Amma kullum bayan la'asar ina rufe taga in zauna in murɗa. Rannan na ga kamar ya yi kusa, har na ɗauko tandun kwalli na buɗe. Na daɗe riƙe da shi, sannan na mayar ban ɗiga ba, don ba shi ba ne.