Baƙar Takardar da Malam Zailani Ke Sakawa a Randa

A Garo an ce Malam Zailani yana jiƙa asiri a randa, wai baƙaƙen takardu ne da babu ko harafi a jikinsu. Magana ta yi ƙarfi, har masu binsa salla a masallacin unguwa suka fara zamewa. Ni kuwa na tsufa ina koyar da kimiyya, ban saba karɓar "an ce" ba. Na yafa mayafi na tafi gidansa.

Shekara ashirin da takwas ke nan, kowace Litinin yana shiga motar farko daga Kabo zuwa Kano, inda yake aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a. Shi ke wanke kwalabe. Shi ke niƙa baƙin sandan cikin batir, ya dafa shi da asid, ya yi ta ɗauraya har ya bushe kamar takarda. Da ita ake son maye gurbin ruwan batir, tunda ita ba ta tsiyaya.

"Hajiya, ke ma kin zo wurin boka?" in ji shi.

"Gwiwa ke damuna, Malam. Buɗe mu gani."

Ya ɗaga faifan da aka rufe randar da shi. Ruwan gishiri ne a ƙasa, takardu na rataye a zare, ba su taɓa ruwan ba.

Murja, ɗalibar jami'ar, 'yar garin Masanawa, ita ta ba ni sauran labari. Da damina takardunta na wuce da furoton, ƙwayar da ke ɗauke da cajin. Da rani sai su mutu murus. An ce hannunta ne bai iya ba, saura kaɗan ta bar karatu. Malam Zailani ne ya lura cewa wadda aka manta kusa da famfo tana aiki. Furoton sai da laima yake tafiya, yana tsallakawa daga ɗigon ruwa zuwa na gaba. Sai ya kwaso takardun ranar Juma'a, ya sa a randar matarsa Hajjo don su sami laima. Murja ta gama digirinta.

Kai ne mai idon da littafi bai ba mu ba, Zailani na Hajjo. Babu sunanka a kan ko takarda ɗaya da aka wallafa. Ga shi wata mai zuwa za ka aje aiki. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi duba abu kafin ku yanke masa hukunci. Mutanen Garo, ku koma sahu.

Abin da ke cikin randar ruwa ne da gishiri da baƙin batir.